Sha-kauci da Furen da Ba Ya Buɗewa Sai an Ƙwanƙwasa

A wani ƙauye na kwarin Majiya, cikin yankin Buza, akwai wani tsohon malamin lakwal wanda har yau manya da yara suke kira Mushe, ko da yake ya daɗe da ajiye alli. Shekara talatin da ƴan kai ya yi yana koyarwa, daga ƙauyukan Madawa zuwa na Keita, kafin ya dawo gida ya rungumi garkar da mahaifinsa ya bar masa: rijiya ɗaya, fangalan albasa, itacen lemun tsami uku, da wata tsohuwar bagaruwa a bakin shinge. Abin alfaharinsa a duniya guda ne, wato bai taɓa barin tambayar yaro ta kwana ba tare da amsa ba.

Wata rana da la'asar, bayan an gama kaka, jikanyarsa ta dawo daga kwaleji da littafin karatu na Faransanci a hannu. A cikinsa akwai hoton wani ɗan tsuntsu mai sheƙi, ya tsaya cak a iska, ya zura dogon bakinsa cikin jan fure. Ta ce, “Kaka, mene ne sunan kolibiri da Hausa?” Mushe bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Amarya, ba shi da suna, domin babu shi a ƙasarmu. Tsuntsun nahiyar Amurka ne.” Yayarsa, wadda ta zo ganin gida daga wajen Tamaske, tana zaune a kan tabarma tana tsintar wake. Ta miƙa hannu aka ba ta littafin, ta kai shi kusa da ido, ta yi dariya ta ce, “Wanga ai sha-kauci ne. Ga shi can kullum cikin garkarka yana shan hure, kai kana biɗar shi cikin littahi.”

Mushe ya gyara zama ya yi mata bayani irin na malamai, kuma bai faɗi ƙarya ba. Kolibiri iri-iri ne, sun haura 360, dukansu kuwa a nahiyar Amurka da tsibiranta suke, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina. Sha-kauci da danginsa, waɗanda suka haura iri 140, a Afirka da Asiya suke, har zuwa arewacin Ostareliya. Ba su ma haɗa kaka na kusa ba: kolibiri ya fi kusa da tsattsewar nan mai wuni a sama ba ta sauka, shi kuwa sha-kauci ya fi kusa da gwara. Kama da wane ba ta wane. Tsohuwa ta saurare shi har ya dasa aya, sa'an nan ta ce, “To, Mushe, in ba dangi ba ne, wa ya ƙera musu baki iri ɗaya?” Wannan karon tambaya ta kwana.

Abin da ya hana shi barci a daren nan ya wuce rashin amsa. Ya tuna sau nawa ya rubuta kalmar kolibiri a kan allo, yara suka maimaita ta, suka rubuta ta a jarrabawa, alhali ko sau ɗaya sunan sha-kauci bai taɓa fita daga bakinsa a cikin aji ba. Ya san sunan tun yana yaro mai harbin tsuntsaye da danƙo, amma bai taɓa tsayawa ya saurari abin da sunan yake faɗi ba. Wanda ya raɗa shi ya ga tsuntsun, ya ga abin da yake sha, ya ga inda yake shan sa, ya ƙulle duka cikin kalma biyu. Da asuba, bayan ya idar da salla, sai ya ɗauki buzunsa ya nufi garka, ya zauna a gindin bagaruwa, inda kauci ya yi tuli a rassa uku.

Kauci tsiro ne da ba shi da saiwa a ƙasa. A jikin reshen wani itace yake kafa kansa, yana zuƙar ruwan da itacen ya jawo, shi ya sa ake kiran sa da sunan mai masaukinsa, a ce kaucin tsamiya, kaucin gawo, kaucin lemo. Masu magani sun san shi, manoma kuma sun san ɓarnarsa. Amma furensa, wanda Mushe ya shekara sittin yana wucewa ta ƙarƙashinsa, sai ran nan ya dube shi da idon basira. Siriri ne, ja-ja, tsawonsa bai fi gaɓa biyu na yatsa ba, yana da ɗan dunƙulallen kai, ya fito cunkus a gaɓar reshe kamar an zube tsinken ashana. Ba shi da wani ƙamshi. Mafi yawansa kuma a rufe yake ruf, ba ƙofa ba taga.

Hantsi bai daɗe da fitowa ba sai ga baƙon. Ɗan tsuntsu ne wanda nauyinsa bai kai na ƙwayar sukari biyu ba, bakinsa siriri mai ɗan lanƙwasa kamar lauje, wutsiyarsa da dogayen gashi biyu. Ya sauka a kan reshen kaucin, ya riƙe shi da ƙafa, ya karkata kai yana duban furanni ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen goro a faifai. Waɗanda suka riga suka buɗe bai cika kula su ba, ɗanyun ma ya tsallake su. Sai ya sami wani wanda kansa ya rine, ya ɗan matse kan da baki. Nan take leɓunan furen suka tale suka nannaɗe baya. Ya zura baki, bututun furen ya tsage ta gefe guda, wani gari ya fantsamo masa a goshi. Ya sha abin da zai sha cikin ƙiftawar ido, ya matsa ga na gaba. Mushe ya ƙirga fure goma sha ɗaya kafin tsuntsun ya tashi.

Abin da ya gani da idonsa shi ne abin da masana tsirrai suka bayyana game da wannan dangi na kauci da suke kira Tapinanthus, har Roger Polhill da Delbert Wiens suka tattara bayaninsa a babban littafinsu kan kaucin Afirka a shekarar 1998. Furen a ɗame yake kamar tarkon da aka ɗana. Idan ya nuna, launin kansa yakan sauya, wannan ce shelarsa ga tsuntsu. Da zarar baki ya taɓa inda ya dace, sai zaruruwan da ke ɗauke da garin fure su nannaɗe da ƙarfi su watsa garin a kan mai sha. Wannan gari shi ne abin da manomi yake kira bununi a kan zangarniyar gero, sai dai na gero iska ce take kai shi inda za shi, na kauci kuwa sai an ɗauki ɗan aike. Tsuntsun yakan tafi da shi a goshi, ya goga shi a kan furen wani kaucin, ta haka ake samun ƴaƴa. Ladan ɗan aiken shi ne ɗigon ruwa mai zaƙi da ke ƙasan bututun. Tun da furen a rufe yake, ba ƙudan zuma ba tururuwa da ta riga shi, kuma rana ba ta ƙafar da shi ba. Tsuntsun da ya koyi karanta launi ya san kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa zai tarar da ƙwarya cike.

Wani tsohon ɗalibin Mushe, wanda ya yi karatun aikin gona a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, shi ya riƙa turo masa rubuce-rubuce ta wayar salula, yana karantawa da dare, da safe ya je ya gwada su da abin da ke cikin garka. A nan ya fahimci cewa ruwan furen kansa da awo aka zuba shi. Zumar da ake ɗebowa daga amya kusan kashi 80 cikin ɗari sukari ce, ruwan furen da ƙudan zuma yake so yakan kai kashi 35 ko fiye, amma na furannin da kolibiri da sha-kauci suke sha yawanci tsakanin kashi 15 ne zuwa 25. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa shan kunu mai kauri da tsinken kara. Harshen waɗannan tsuntsaye siriri ne ƙwarai, ruwa mai kauri ba ya hawa cikinsa da sauri, kuma tsuntsun da zai zagaya ɗaruruwan furanni a yini ba shi da lokacin jira. Saboda ruwan tsararo ne, dole ya sha da yawa, har yakan sha abin da ya fi nauyin jikinsa kafin rana ta faɗi. Haka kuma abin da ke cikin fure ɗaya ɗan kaɗan ne, ba ya ƙosarwa. Da fure ɗaya zai cika masa ciki, da ya sha ya koma inuwa, garin ya zube a banza. Rowar furen ita ce take tilasta masa yawo, yawon kuwa shi ne aikin da aka ɗauke shi domin sa. Ko jan launin da rashin ƙamshin suna da ma'ana: idon tsuntsu yana ganin ja tun daga nesa, ƙudan zuma kuwa ja ba ya fitar masa sosai a cikin koren ganye, ƙamshi ne ya fi jan sa.

Daga nan amsar tambayar Yaya ta fara bayyana. Fure ne ya ƙera bakin, baki kuma ya ƙera furen, a cikin zamunna masu tsawo, a nahiyoyi biyu da teku ya raba. A duwatsun Andes akwai kolibirin da bakinsa ya kai santimita 10, ya fi gangar jikinsa tsawo, yana shan furanni masu dogon bututu waɗanda ba wani tsuntsu da yake kai wa ga ƙasansu. A shekarar 2000, Ethan Temeles da abokan aikinsa sun bayyana wani kolibiri na tsibirin Sen Lusiya, cikin tekun Karibiyan, wanda bakin namijin gajere ne miƙaƙƙe, na macen kuwa dogo ne lanƙwasasshe, kowannensu ya fi zuwa ga irin furen da ya dace da bakinsa, kuma a nan ya fi saurin sha. Mata da miji ke nan, kowa da akushinsa.

Bambancin da ya fi fitowa fili tsakanin tsuntsayen biyu shi ne tsayuwa. Kolibiri yana shan fure yana rataye a iska, ƙananansu suna kaɗa fiffike fiye da sau 50 a sakan guda, furanninsa da yawa kuma suna reto ne a sarari, ba wurin ɗora ƙafa. Sha-kauci ya fi son ya zauna ya sha, furannin Afirka kuwa sun tanadar masa kujera. Kauci ya jera nasa a jikin reshe daidai inda ƙafa za ta kama. A Afirka ta Kudu akwai wani tsiro mai fure a kusa da ƙasa wanda yake fitar da wani tsinke tsirara, ba ganye ba fure, ba shi da wani amfani sai tsuntsu ya riƙe shi ya sunkuya ya sha. A shekarar 2005 Bruce Anderson da abokansa suka nuna cewa idan aka yanke wannan tsinke, irin da tsiron yake yi yakan ragu da kusan rabi. A ƙasar dai, a shekarar 2009, masana biyu, Geerts da Pauw, suka ba da labarin wata tabar daji da aka kawo daga Kudancin Amurka, mai fure irin na kolibiri, ba wurin zama. Dangin sha-kauci na can ba su bar ta ba, sai suka dinga tsayawa a iska suna sha. Wato ko yanayin tsayuwar tsuntsu a bakin abinci, fure yana da ta cewa a ciki.

Da ɗari ya shigo sosai, gawon da ke gonar maƙwabci ya yi ganye ya yi fure, kamar yadda ya saba saɓa wa sauran itatuwa, sai Mushe ya lura da wani ɗan'uwan na farko. Wannan ya fi ƙanƙanta, bayansa kore mai sheƙi, cikinsa rawaya, shi ma da dogayen gashi biyu a wutsiya, amma bakinsa gajere. Yakan leƙo kauci jefi-jefi, sai dai ya fi wuni a kan gawo da aduwa, inda furanni ƙanana ne buɗaɗɗu, ruwansu a kusa, ga kuma ƙananan ƙwari da yake tsinta, domin ruwan fure kaɗai ba ya gina jiki, balle ya raini ƴan tsaki. Mushe ya kuma ga yadda ake yi idan baki ya kasa kai wa ga ƙasan fure: sai tsuntsu ya huda gindin bututun ta waje ya sha, ya tafi ba tare da ya ɗauki gari ko ƙwaya ba. Yaran garka suka ce ɓarawo ne. Mushe ya ce ɗan aike ne da ya ci lada ya ƙi aike.

Wani abin da ya ba shi dariya shi ne faɗa. Mai lanƙwasasshen bakin nan ya mai da kaucin bagaruwa gandunsa, duk ɗan'uwan da ya matso sai ya bi shi da tsiwa har bayan shinge. Amma a makon da zogalen bakin rijiya ya cika da fure, sai faɗan ya lafa, kowa ya sha ya tafi. Frank Gill da Larry Wolf sun auna irin wannan hali a ƙasar Kenya, suka buga sakamakonsa a shekarar 1975. Sun tarar wani dangin sha-kauci mai fiffike ruwan zinariya yana tsare fili, wani babba wani ƙarami, amma yawan furannin da ke ciki yana kewayen 1,600, daidai abin da zai ciyar da shi a yini. Idan ruwan fure ya wadata ko'ina, sai ya daina gadi, domin ƙarfin da zai ɓata wajen kora ya fi abin da zai tsira da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ba ta kuma sa tsuntsu faɗa.

Ana cikin haka sai magana ta taso a gida. Ɗan Mushe, wanda shi yake ban-ruwa yake kuma kai kaya kasuwar Buza, ya nuna masa ɗaya daga cikin itatuwan lemon. Kauci ya kama babban reshe, wurin ya kumbura, abin da ke gaba da kumburin ya fara bushewa, ƴaƴan bana kuma sun ƙanƙance. Ya ce, “Baba, gobe zan sare shi duka, har da na bagaruwar. Daga can yake zuwa.” Gaskiya ya faɗa. Ƴaƴan kauci suna da danƙo, tsuntsaye masu cin ƴaƴan itace sukan haɗiye su, su fitar da ƙwayar ta manne a wani reshe, ta tsira. Duk furen da sha-kauci ya buɗe a bagaruwa, wata ƙwaya ce da za ta iya sauka a kan lemo. Lemon nan kuwa da kuɗinsa ake sayen littattafan yarinyar da ta kawo tambayar. Mushe ya rasa ta cewa, domin abin da ya wayi gari yana ƙauna shi ne yake cin abin da yake ci da gidansa.

Yaya ce ta sake sa baki, ba da hujjar littafi ba. Tana cikin dubban matan da suka yi aikin furojen Keita, wanda aka fara a shekarar 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, a tsakiyar farin da ya mai da tuddan Adar tsandauri. Ta ɗauki dutse a ka, ta haƙa ramukan tare ruwa a jikin tudu, ana biyan su da abinci, har aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18 cikin shekara ashirin. Ta ce a shekarun nan, in mutum ya hau dutse da hantsi, ba ya jin kukan komai sai iska. Ta ce ranar da ta fara ganin kauci a kan itacen da hannunta ya dasa, ba ta ji haushi ba, domin ta san kauci ba ya sauka a kan fako, sai inda itace ya yi ƙarfin ɗaukar baƙo, kuma ba ya zuwa da ƙafarsa, sai tsuntsu ya kawo shi. Mushe ya tuna shi ma yana saurayi aka fara jera layukan bedi a kwarin Majiya, a shekarar 1975, da taimakon ƙungiyar CARE, domin a karya iskar da take kwashe ƙasar gona. Ba wanda ya dasa itacen nan domin tsuntsu. Amma wanda ya gina zaure ba shi yake zaɓar duk mai shiga ba.

Da gari ya waye, uba da ɗa suka shiga garka da gatari. Suka sare reshen lemon daga bayan kumburin, domin in an karya kauci daga sama kawai yakan sake tohowa daga cikin itace. Suka bi sauran biyun reshe-reshe, suka ɓamɓare ƙwayoyin da suka manne. A bagaruwa suka cire tuli ɗaya da ya yi wa reshe nauyi, suka bar biyu. Ɗan ya ce, “Baba, ka san baɗi ma sai mun sake wannan aiki.” Mushe ya ce ya sani, ya kuma ɗauki duban lemon a wuyansa, duk ranar Juma'a bayan an sauko.

Yarinyar ta sami amsarta bayan wata uku da yin tambaya. Kakanta ya kai ta gindin bagaruwa tare da ƙawayenta huɗu, ya jawo reshe, ya ce ta nemo furen da kansa ya rine. Ta matse shi a hankali da farce, furen ya tale, gari ya fantsamo mata a yatsa, ta yi tsalle da baya, sauran suka tuntsire da dariya. Ya ce musu kolibiri dai ba shi da suna da Hausa, kuma kada su rubuta sha-kauci a madadinsa a jarrabawa, domin ba shi ba ne. Amma duk abin da littafi ya faɗa game da bakin kolibiri da furensa, in suna so su gani da ido, ga makarantar nan a buɗe daga hantsi. Ɗaya daga cikin ƴan matan ta ce ita ba ta taɓa jin sunan ba sai yau. Mushe ya sa ta maimaita shi sau uku, kamar yadda yake yi a aji, sa'an nan ya ce su yi shiru su ja da baya, domin mai wurin ya sauka a kan shinge yana jiran su tashi.